Tsofaffin makarantun mishan na maza a Legas: tambayoyin da iyaye da ɗalibai suke yawan yi

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san tashar motar CMS (gajeren sunan ƙungiyar mishan ta Church Missionary Society), ya kuma sha wucewa ta Obanikoro a kan titin Ikorodu, ko da bai taɓa tsayawa ya tambayi asalin makarantun da ke da alaƙa da waɗannan wurare ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa a bakin iyaye Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende idan maganar sa yaro a sakandare ta taso, da kuma ɗalibai masu shirin jarrabawar tarihi. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Wace ce makarantar sakandare ta farko a Legas, kuma yaushe aka buɗe ta?

CMS Grammar School ce. An buɗe ta ranar 6 ga Yuni, 1859, da yara shida, dukkansu 'yan kwana, a wani ƙaramin gida da ake kira Cotton House a titin Broad, cikin tsibirin Legas. Ita ake ƙirgawa a matsayin sakandare mafi tsufa a Najeriya baki ɗaya. Daga baya wurin ya yi mata kaɗan, ta yi ƙaura, yanzu tana Bariga.

A 1859 babu wata ƙasa mai suna Najeriya, kuma Legas ɗin ma ba ta zama mallakar Ingila ba tukuna. Sai a watan Agusta 1861 aka sa Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin. Ke nan makarantar ta girmi mulkin mallakar Legas da shekara biyu.

Su wane ne 'yan mishan ɗin, kuma ta ina suka shigo?

Ƙungiyoyi uku ne na Furotesta suka fi tasiri: CMS ta cocin Angilikan, da Metodis waɗanda a lokacin ake kira 'yan Wesley, su biyun daga Ingila, sai Baftis daga kudancin Amurka. Ta Badagry suka fara shigowa. Thomas Birch Freeman na Metodis, wanda mahaifinsa ɗan Afirka ne, mahaifiyarsa Baturiya, ya sauka can a Satumba 1842, Henry Townsend na CMS ya biyo shi a ƙarshen shekarar. A 1843 William de Graft da matarsa, waɗanda Freeman ya bari a Badagry, suka buɗe 'yar makarantar yara.

Kiransu aka yi. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta suna tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen a Freetown ta Saliyo. Da yawa cikinsu Yarabawa ne. A can suka shiga Kiristanci, suka yi karatu, kuma daga wajen 1839 suka fara komowa gida, Badagry da Abeokuta. Su ake kira Saro, kuma su suka riƙa aika saƙo a turo musu malamai da limaman coci. Legas kanta ba ta buɗe wa 'yan mishan ba sai bayan da jiragen Ingila suka yi wa garin ruwan wuta a 1851, aka kori Oba Kosoko, aka mayar da Akitoye.

To ai Turawa ne suka kafa makarantun, ko ba haka ba?

A nan mutane da yawa suke kuskure. Wanda ya kafa CMS Grammar School baƙar fata ne, Rabaran Thomas Babington Macaulay, Bayarabe haifaffen Saliyo. Shi ya matsa sai an yi, alhali wasu Turawan mishan ɗin ba sa so. A ganinsu karatun firamare da koyon wa'azi ya ishi yaron Afirka, ƙari a kan haka girman kai kawai zai sa masa. Kuɗin farko ma daga aljihun ɗan ƙasa ya fito: Kyaftin James Pinson Labulo Davies, attajirin Saro, ya ba da fam 50 a 1859 aka sayi littattafai da kayan aiki, ya ƙara fam 100 a 1867 don gini. Attajiran gari irin su Taiwo Olowo su ma sun sa hannu.

Haka abin yake a Metodis. Jama'ar cocin da ke Legas ne suka tara kuɗi suka nemi a buɗe musu tasu sakandaren, don kada 'ya'yansu su dogara da ta Angilikan ko a riƙa tura su Saliyo. Sunan mishan ne a kan allon ƙofa, tsarin karatun na Ingila ne, amma buƙatar da kuɗin da yawancin malaman na 'yan ƙasa ne. A ganina wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta ruɗewa a sauran tarihin, musamman idan an zo kan dalilin da ya sa Arewa ba ta samu irinsu ba.

Wannan Macaulay shi ne mai titin nan na Yaba?

A'a, mahaifinsa ne. Mai titin shi ne Herbert Macaulay, wanda hotonsa yake a tsohuwar naira ɗaya, an haife shi a 1864. Mahaifiyarsa Abigail 'yar Bishof Samuel Ajayi Crowther ce, wanda aka kama shi bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Saliyo, ya zama bishof ɗan Afirka na farko a cocin Angilikan a 1864. Uban, Thomas, ya shugabanci makarantar har ciwon agana ya kashe shi a 1878. Isaac Oluwole, shi ma ɗan ƙasa, ya riƙe ta daga 1879 zuwa 1893. Herbert ya yi karatu a makarantar mahaifinsa, kuma za a sake cin karo da shi a amsar tambayar abin da ɗaliban suka zama.

Ban da CMS, waɗanne ne sauran?

Methodist Boys' High School an buɗe ta a 1878 da sunan Wesleyan Boys' High School, ita ma a titin Broad, yanzu tana Victoria Island. Baptist Academy ta samo asali daga makarantar yara da Baftis suka fara a 1855, ta zama sakandare a tsakiyar shekarun 1880, yanzu tana Obanikoro. Igbobi College ta zo daga baya, a 1932, a Yaba, kuma haɗin gwiwar Angilikan da Metodis ce, abin da ba kasafai ake gani ba a lokacin don gasa ce mai zafi tsakaninsu. Eko Boys' High School ta 1913 daban take: Rabaran W. B. Euba, wanda ya taɓa shugabantar makarantar Metodis, shi ya kafa ta da kansa, ba a ƙarƙashin wata mishan ba. St Gregory's ta Obalende kuwa, wadda mutanenmu na can suka fi sani, ta Katolika ce, ba ta cikin wannan layi.

A wajen Legas akwai Hope Waddell ta Kalaba a 1895, ta 'yan Firesbiteriya daga Sikotilan, da Abeokuta Grammar School a 1908, da na Ibadan da Ijebu-Ode a 1913.

King's College fa?

Ta gwamnati ce, an buɗe ta a 1909, shekara 50 bayan ta CMS. Sai a lokacin gwamnatin mulkin mallaka ta ga ya kamata ta yi sakandaren kanta a Legas.

Me ya sa maza kawai ake ɗauka?

Saboda aikin da ake shirya yaran dominsa. Mishan tana neman malaman makaranta da masu wa'azi da limaman coci, kamfanoni da gwamnati suna neman akawu da tafinta, kuma duk waɗannan a wancan zamani aikin maza ne, har a Ingila kanta. An yi wa mata nasu daban: CMS ta buɗe ta 'yan mata a wajen 1870, Metodis ta buɗe tata a 1879, gwamnati kuma ta kawo Queen's College a 1927. Karatun mata na farko ya fi karkata ga ɗinki da girki da kula da gida, tare da karatu da rubutu, don a samu matan da za su dace da malamai da akawun da ake yayewa a ɗaya ɓangaren.

Me ake koyarwa a cikinsu?

Nahawun Turanci da rubutun insha'i, lissafi da joometiri, tarihi da labarin ƙasa, ajiye littafin ciniki, Latinanci da Girkanci, da ilimin Littafi Mai Tsarki wanda shi ne ginshiƙi. An kwaikwayi makarantar CMS ta Freetown ta 1845, ita kuma ta kwaikwayi na Ingila. Tarihin da yaro yake haddacewa na sarakunan Ingila ne, kogunan da yake jerowa na Turai ne. Kimiyya ba ta samu gurbi sosai ba sai daga baya, don ɗakin gwaji da malaminsa suna cin kuɗin da makarantun ba su da shi.

An sha sukar wannan tsari tun a lokacin, cewa yana yaye masu biro da takarda, ba ya yaye masu sana'a. Sukar tana da gaskiya, amma laifin ba na mishan kaɗai ba ne. Iyaye da kansu ba sa son a ba 'ya'yansu fartanya ko zarto a makaranta. Sun ga cewa Baturen da ke mulki da lauyan da ke cin kuɗi Latinanci suka karanta, sai suka ce shi suke so. Hope Waddell ce ta yi fice wajen haɗa karatu da sana'a irin kafinta da buga littafi da ɗinki. Wanda ya gama a Legas yana son ƙari, sai ya tafi kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda aka haɗa da Jami'ar Durham a 1876, ko Ingila idan gidansu da hali.

Da wane harshe ake karatu?

A ƙananan azuzuwa mishan ta yi amfani da Yarabanci sosai, don burinta mutum ya karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa. Crowther da abokan aikinsa suka daidaita rubutun Yarabanci da baƙaƙen boko, suka yi fassara. A sakandare kuwa Turanci ne zalla, kuma an san yadda ake hukunta yaron da aka kama yana yarensu a harabar makaranta, al'adar da ta daɗe har bayan 'yancin kai. Dokar ilimi ta 1882 ta ba Turanci fifiko wajen rabon tallafi ta yi watsi da Yarabanci, 'yan bokon Legas suka yi ca a kanta a jaridu.

Wani abin sha'awa shi ne, mutumin da ya fi kowa yaƙin a koyar da yaro da harshen uwa a Najeriya, Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa, tsohon ɗalibin CMS Grammar School ne. Shi ya jagoranci gwajin nan na Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida ta firamare.

Kyauta ne, ko ana biya?

Ana biya. Shi ya sa 'ya'yan attajirai da limaman coci da manyan akawu suka fi yawa a farkon lamarin. Makarantun suna rayuwa ne da kuɗin makaranta da gudummawar coci da abin da hedikwatar mishan ta aiko. Gwamnati ta fara ba da ɗan tallafi a 1872, zuwa 1877 ya kai fam 200 ga kowace ɗaya daga manyan mishan uku: CMS da Metodis da Katolika.

Da tallafi ya shigo sai sa ido ya biyo. Dokar 1882 ta haɗa Legas da Gwalkwas, Gana ta yau, aka naɗa Rabaran Metcalfe Sunter sufeton makarantu. Bayan an raba Legas da Gwalkwas a 1886, aka yi mata dokarta a 1887, inda kuɗin da makaranta za ta samu ya rataya a kan yawan yaran da suka ci jarrabawa. Wannan ya ƙarfafa hadda da bulala. Henry Carr, wanda ya koyar a CMS Grammar School, ya zama sufeton makarantu ɗan Afirka na farko a 1892.

Malam, da gaske ne ana tilasta wa yaro ya bar addininsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsarta ba ta da gajeren hanya. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa makaranta hanyar wa'azi ce ba. Da addu'ar coci ake buɗe yini, darasin Littafi Mai Tsarki yana cikin jadawali, ɗan kwana kuma yana zuwa coci ranar Lahadi tare da kowa. A kan takarda, dokokin ilimi na shekarun 1880 sun ce makarantar da ke karɓar tallafin gwamnati ta ɗauki yaro ba tare da duba addininsa ba, kuma kada a koya masa addinin da iyayensa ba su yarda ba. A aikace, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke kwana a hannun malamai, abokansa duk suna waƙar coci, ba shi da bakin da zai ce doka ta ce. An samu yara da yawa da suka ɗauki sunan Kirista don a karɓe su ko don su saje, wasu suka koma sunansu bayan sun gama, wasu suka zarce.

Saboda haka tsoron da iyaye Musulmi suka yi yana da tushe, kuma bai kamata a riƙa kiransa jahilci ba. Sai dai ba kowa ne ya shiga ya fito da wani addini ba. Taslim Olawale Elias, Musulmi ɗan Legas, ya yi CMS Grammar School da Igbobi, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1972 zuwa 1975, daga baya ya shugabanci Kotun Duniya da ke Hague. Fafunwa da aka ambata a maganar harshe shi ma Musulmi ne, har ya yi ministan ilimi. Yawanci abin da ya raba shi ne gidan da yaro ya fito, da ko yana komawa gida kullum, da ko ya samu karatun allo kafin ko tare da na boko.

To me Musulmin Legas suka yi?

Da farko ƙaurace wa makarantun suka yi, alhali suna da yawa ƙwarai a garin. Cikin shekara talatin sai suka ga sakamakon: akawun kwastan da na kotu da tafintan gwamna duk Kirista ne, Musulmi mai dukiya sai ya nemi wanda zai karanta masa takardar filinsa. A 1894, wajen buɗe masallacin Shitta-Bey, Abdullah Quilliam, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya zo a madadin Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya yi musu kira da su nemi ilimin zamani. Edward Wilmot Blyden, Kirista ne amma mai girmama Musulunci, shi ma ya matsa wa gwamnati. A shekarun 1890 aka buɗe makarantar gwamnati ta Musulmi a Legas, Idris Animashaun yana hedimasta, ana haɗa Larabci da Turanci, aka kuma yi irinta a Epe da Badagry.

Babban sauyi ya zo ne da suka daina jiran gwamnati. Ahmadiyya ta buɗe firamare a Elegbata a 1922. A 1923 matasa suka kafa ƙungiyar Ansar-Ud-Deen, manufarta ta farko ita ce makarantun boko da yaro zai shiga ya fito da addininsa. A 1948 aka buɗe sakandaren Ahmadiyya, wadda yanzu take nan Agege ana kiranta Anwar-ul-Islam, sai ta Ansar-Ud-Deen a Isolo a 1953. Idan aka duba da kyau, hanyar Saro suka bi sawu da ƙafa: a yi ƙungiya, a tara kuɗi, a gina, a nemi tallafin gwamnati. Daga 1859 zuwa 1948 shekara 89 ke nan, kuma wannan jinkiri ya bar tabo a cikin Legas kanta tun kafin a zo maganar Arewa.

Hausawan da ke Legas a wancan zamani fa?

Suna nan tun kafin makarantun. Wasu bauta ta kawo su, wasu fatauci. A 1863 Kyaftin John Glover ya tara rundunar Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, kuma daga ita ake jan asalin sojan Najeriya da 'yan sanda. Zaman Obalende yana da alaƙa da barikin soja da iyalansu. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Zangon Agege ya bunƙasa da cinikin goro da shanu.

Hanyoyin cin abincin nan uku, soja da fatauci da malanta, babu wadda take neman Latinanci. Dillalin goro yana lissafinsa da ka ko da ajami, amana da sanayya su ne jarinsa, yaro kuma yana koyon sana'ar a gindin ubansa bayan makarantar allo. Ga tsoron addini da aka yi bayani a sama, ga kuɗin makaranta, ga kuma tunanin cewa gida Arewa ne, nan zaman nema ake yi. Waɗannan suka haɗu suka sa makarantun titin Broad suka kasance kusa da mu a tafiya amma ba su shiga lissafin yawancin gidajenmu ba.

Me ya hana a yi irinsu a Kano ko Sakkwato?

An gwada. A 1900 Bishof Tugwell ya jagoranci tawagar CMS har Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin kwanaki. Bayan cin ƙasar a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma gwamnonin da suka biyo shi suka tsananta hana mishan shiga garuruwan Musulmi, don zaman lafiyar mulkinsu ya rataya a kan sarakuna. Dakta Walter Miller ne ya samu zama a cikin birnin Zariya daga 1905, da makaranta da ɗakin magani, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a wajen 1929. Daga wannan makaranta Dakta R. A. B. Dikko ya fito, ya zo King's College a nan Legas, ya tafi Birmingham, ya zama likitan zamani na farko daga Arewa. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya fara karatu. Sauran ƙungiyoyin mishan, SIM da SUM, sun fi aiki a yankunan da ba na Musulmi ba, irin su Filato da kudancin Kaduna.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Kamar yadda aka nuna a amsar wanda ya kafa makarantun, a Legas akwai jama'ar gari masu kuɗi da suka nemi abin da kansu. A Kano da Sakkwato masu kuɗi da masu ilimi suna da nasu tsarin karatu mai zurfi, na allo da na ilimi, wanda yake kai mutum ga alƙalanci da limanci da fada. Babu wanda zai cire fam 50 daga aljihunsa don a koya wa ɗansa Girkanci.

Ke nan daga nan tazarar boko tsakanin Kudu da Arewa ta samo asali?

Babban kasonta daga nan ne. Makarantar Hanns Vischer, Ɗan Hausa, a Nassarawa ta Kano an buɗe ta a 1909. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta zo a 1921, shekara 62 bayan ta CMS, kuma ita kaɗai ce a matakinta a faɗin Arewa na tsawon lokaci, tana ɗaukar yara kaɗan da aka zaɓo. A lokacin a Legas akwai gidajen da kaka da uba da ɗa duk sun yi sakandare. Abin kamar rumfa ne a kasuwa: wanda ya riga ka kafawa ya riga ka sanin masu saye, ɗansa kuma a ciki zai tashi.

Amma kada a ɗora wa mishan ko sarakuna komai. Gwamnatin mulkin mallaka da ta hana mishan shiga ita ya kamata ta cike gurbin da makarantunta, kuma ba ta kashe kuɗin da ya kamata ba. Tana tsoron kada Arewa ta yaye irin 'yan bokon Legas da suka dame ta.

Me ɗaliban suka zama? Ba 'yan amshin shatan Turawa aka yaye ba?

Da yawa akawu suka zama, a kwastan da gidan waya da reluwe da kamfanoni irin su John Holt. Su ne suka bi layin dogo zuwa Arewa suka cika Sabon Gari a Kano da Zariya. Mahaifin Nnamdi Azikiwe akawu ne a Zungeru, can aka haifi ɗan a 1904, ya tashi da Hausa a bakinsa, daga baya ya yi Hope Waddell da makarantar Metodis ta Legas.

Sai dai daga cikinsu ne masu adawa da Turawa suka fito. Sun koyi dokar Ingila da harshenta, suka juya su a kan masu su. Herbert Macaulay ya raka Cif Amodu Tijani Oluwa Landan a shari'ar filin Apapa, wadda kotun ƙoli ta masarautar Ingila ta yanke a 1921 cewa sai gwamnati ta biya diyya. A 1923 ya kafa NNDP, jam'iyyar siyasa ta farko a ƙasar, a 1944 kuma shi da Azikiwe suka jagoranci jam'iyyar NCNC. A rangadin jam'iyyar ne ciwo ya kama shi a Kano a 1946, aka komo da shi Legas ya rasu. Wasu tun a ƙarni na 19 suka yar da sunayen Turawa da kwat, kamar David Vincent da ya koma Mojola Agbebi. Lugard bai ɓoye ƙin jininsu ba, su ma jaridunsu ba su raga masa ba. A zamanin baya, CMS Grammar School ta yaye Akintola Williams, akanta mai lasisi na farko a ƙasar, da lauya Rotimi Williams, da Ernest Shonekan da ya shugabanci gwamnatin riƙon ƙwarya a 1993, makarantar Metodis kuma ta yaye Mobolaji Johnson, gwamnan farko na Jihar Legas a 1967.

Yanzu wa ke da makarantun?

Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da na ƙungiyoyi. A Legas ɗalibai suka yi yawa, gine-gine suka lalace, tsofaffin ɗalibai suka yi ta kuka. A 2001, zamanin Gwamna Bola Tinubu, jihar ta mayar da da yawa daga cikinsu ga masu su na asali, har da na ƙungiyoyin Musulmi da aka ambata a sama. Yau CMS Grammar School tana hannun Angilikan, Methodist Boys' tana hannun Metodis, Baptist Academy tana hannun Baftis, kuma ana biyan kuɗi kamar kowace makarantar kuɗi.

Alhaji yana so ya sa ɗansa a ɗaya daga cikinsu. Me ya kamata ya bincika?

Ya je da ƙafarsa, kada ya aika. Ya tambayi shugaban makaranta kai tsaye: shin halartar addu'ar safe da ta Lahadi wajibi ce ga kowane ɗalibi, akwai inda yaro zai yi sallar azahar da la'asar, ana barin fita Juma'a, yaya ake yi da 'yan kwana a watan azumi, kuma akwai malamin darasin addinin Musulunci ga mai son rubuta shi a WAEC ko NECO. Amsoshin sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, har daga shugaba zuwa shugaba, don haka labarin wanda ya gama shekara goma da suka wuce ba zai wadatar ba. Makarantar coci ce, tana da haƙƙin tsarinta, shi ma uba yana da haƙƙin ya sani kafin ya biya.

Ya kuma auna jeka-ka-dawo da kwana, saboda dalilin da aka faɗa a amsar tilasta addini, ya haɗa da nisan hanya. Daga Agege zuwa Bariga ko Victoria Island kullum, da cunkoson Legas, yaro zai iya rasa Islamiyyar yamma gaba ɗaya. Idan haka ne, sai a nemi malamin da zai riƙa zuwa gida Asabar da Lahadi, ko a duba Anwar-ul-Islam da makarantun Ansar-Ud-Deen da na gwamnati da ke kusa, a kwatanta sakamakon jarrabawarsu na shekarun baya-bayan nan da kuɗin da kowace take karɓa a zango.